GARIN NEMAN GIRA, KADA A RASA IDO

 Yau ba maganar girki zan yi ba, ba kuma ta zama da dangin miji ba. Maganar allura da zare ce. Ina roƙonki kada ki ce ƙaramar magana ce ki juya shafi, domin wataƙila abin da zan yi magana a kansa yana nan kwance a ƙasan adakar ɗakin mahaifiyarki, yana ƙamshin kafur.

Na lura da wani yayi da ya shigo garuruwanmu na yankin Bagauda, tun daga Bebeji da Tiga, a biyo ta Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, har a dangana da Tudun Wada da Doguwa. Yayin kuwa shi ne a tono tsohon ɗinkin hannu na iyaye da kakanni, zanen gado ne, rigar matashi ce, ko babbar rigar wani marigayi, a ce wai za a sabunta shi a sa a jeren amarya ko a rataye a bangon falo. Niyyar kam babu abin zargi a cikinta. Gara wadda ta tuna da kayan kakarta da wadda ta bar wa asu da gara su yi walima. Abin da nake so mu zauna mu duba shi ne irin aikin da ake yi wa kayan bayan an tono su.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mai gyaran tsohon ɗinki baƙuwa ce a ɗakin wata. Baƙuwar kirki tana iya yin shara, ta wanke kwanuka, ta toshe inda ke yoyo, amma ba ta sauya wa matar gida wurin murhu. Zan kawo miki ayyuka biyu da na gani da idona, mu auna su tare, ke ma ki yanke naki hukuncin.

ZANEN GADO MAI KIFAYE

Na farko zanen gado ne na wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da Tiga, kuma na san shi tun kafin a taɓa shi. Farin yadin auduga ne mai kauri, irin wanda ake shimfiɗawa a gado mai rumfa. Ta yi masa aiki da zaren ulu ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. A tsakiya akwai dagi, a kowace kusurwa fure, can sama ɗan jirgin sama da agogo. A ƙasa kuma kifaye bakwai ne a jere suna bin juna, kowanne da girmansa, na ƙarshen ma wutsiyarsa ta ɗan karkace don yadin ya kusa ƙarewa.

Ke da kika taso kika tarar da kifi a bakin titi za ki ce mene ne abin ɗinkawa a kifi? To, ki tuna cewa a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka yi madatsar ruwa ta Bagauda da ta Tiga, ita ta Tiga an kammala ta a 1974. Ruwan nan ya sauya rayuwar yankin ɗungurungum. An tashi wasu ƙauyuka, masunta sun zo, noman rani ya kankama a su Kadawa da Kura. Wannan baiwar Allah ta yi zanenta ne tana amarya, 'yan shekaru kaɗan bayan zuwan ruwan. Ba ta yi boko ba, ba ta da kyamara. Allurarta ce alƙalaminta, kifayen nan kuwa su ne labarin da ta ga ya isa a rubuta.

Da shekaru suka tura, zanen ya gaji kamar kowa. Ulun furanni biyu ya zube, asu ya huda kusurwa ɗaya, jan kuma ya koɗe ya koma kamar ruwan goro. Iyakar ciwonsa ke nan. Duk sauran aikin daram yake.

Jikarta, yarinya mai hankali da son kakarta, ta ɗauke shi lokacin da bikinta ya matso ta kai wa wani tela a birni mai injin ɗinkin kwamfuta. Aka jiƙa shi a bilic don ya yi fari. Aka warware kifayen tas, wai ƙauyanci ne, aka maye gurbinsu da furanni na zare mai walƙiya. Aka bi kan dagin da zare ruwan gwal har aka binne na asalin. Sannan aka zagaye bakin da duwatsun nan masu ƙyalli da ake liƙawa da dutsen guga.

Bari in fara da yabo, don kada a ce na zo da wuƙa a hannu. Daga bakin ƙofa zanen yana ɗaukar ido. Layin furannin a miƙe yake kamar an ja da igiya, launin ya dace da labulen ɗakin, kuma 'yan ganin ɗaki sun yaba. In dai don ranar biki ce kawai, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Amma matso kusa, 'yar uwa, ki sa hannu. Abu na farko da za ki ji shi ne yadin ya tattare a gefen kowane fure, ya yi kamar fatar tsohuwar jaka. Dalili kuwa, inji yana jan zare da ƙarfi ɗaya babu sassauci, shi kuwa yadin da ya shekara wajen hamsin ya saki jiki, ba ya iya ja da shi. Hannun mutum yana jin inda yadi ya yi laushi ya rage ja. Inji ba ya ji.

Abu na biyu shi ne zaren. Zaren roba ne, ya fi tsohuwar audugar ƙarfi nesa ba kusa ba. In kin haɗa mai ƙarfi da mai rauni a ɗinki guda, duk wanki da duk miƙewa mai raunin ne zai biya. Ga shi allurar inji ta soki wuri ɗaya sau ba adadi, ta mayar da shi kamar rariya. Bilic kuma dama ya riga ya ci ƙarfin audugar. Ba na raba ɗaya biyu, nan gaba furannin nan za su fita da yadin da ke ƙarƙashinsu, su bar taga.

Abu na uku, kifayen sun ƙi tafiya. Ɗaga zanen ki duba shi a hasken rana. Za ki ga sawun allurar farko, ƙananan huji a jere, sun zana kai da wutsiya a tsakanin furannin. Ga sabon aiki a sama, ga fatalwar tsohon a ƙasa, kowa yana hararar kowa. Ba a samu sabo cikakke ba, an kuma rasa tsohon.

Abu na huɗu shi ne ya fi ci mini rai. A da, duk faɗin ƙasar nan zanen nan ɗaya ne tilo. Yanzu kuwa ki shiga Kantin Kwari ki ga irinsa a rataye rumfa bayan rumfa. An ba da abin da kuɗi ba sa saye, an karɓo abin da kowa zai iya saye. Da aka kai wa tsohuwar ta gani, ta shafa shi, ta juya shi, sai ta ce, "Allah ya yi albarka, jikalle, ya yi kyau. Na wace ce?" Wallahi ba gatse ta yi ba. Ba ta gane shi ba ne. Ni a ganina babu wani sharhi da ya wuce wannan tambayar tata.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada ki ɗauka jahilci ne ko ƙauyanci ya jawo haka. Har Turawa, da gidajen tarihinsu da masanansu, sun taɓa faɗawa wannan ramin. Akwai wani shahararren ɗinkin hannu da aka sani da sunan garin Bayeux na ƙasar Faransa, inda ya shafe ɗaruruwan shekaru a ajiye. Dogon yadin lilin ne mai kusan mita 70, faɗinsa kamar rabin mita, an yi masa aiki da zaren ulu fiye da shekara 900 da suka wuce. Yana ba da labarin yadda aka ci Ingila da yaƙi a 1066. Masu aikin farko sun rina zarensu da itatuwa da ganyaye, ciki har da wani ganye mai ba da shuɗi irin wanda baba ke bayarwa a marina. A ƙarni na 19 aka yi masa gyare-gyare da sabon ulu. Yau launin asalin yana nan da ƙarfinsa, na masu gyaran ne ya koɗe.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Akwai wurin da aka nuna wani mayaƙi, wanda da yawa ke ɗauka Sarki Harold ne na Ingila, da kibiya a idonsa. Har yanzu masana suna gardama: tun asali kibiya ce, ko kuwa mashi ne masu gyara suka mayar da shi kibiya? Kin ga allurar mai gyara ɗaya ta jefa tarihin ƙasa guda cikin ruɗani. To ina ga tarihin gidanku, wanda babu wani littafi da aka rubuta shi sai wannan ƙyallen?

RIGA MAI ASKA TAKWAS

Aiki na biyu a Tudun Wada na gan shi, a hannun wata matar aure mai ɗinkin hula a cikin gida. Babbar rigar mahaifinta ce, marigayi. Saƙi ce, wato saƙar hannu ta shuɗi da ɗigon fari mai kama da jikin zabo. Irin tufafin da ƙasar Kano ta yi suna da su ke nan tun tuni. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Aikin da ke jikin rigar aska takwas ne, da tambari a ƙirji da wani a baya, an yi shi da zaren tsamiya. Ga 'yan matan da ba su sani ba, tsamiya silikinmu ne na gida. Wata tsutsa ce mai cin ganyen tsamiya take yin saƙarta, a dafa saƙar da ruwan toka, a kaɗa ta da mazari ta zama zare. Launinsa ba fari fat ba ne, yana da ɗan duhu mai taushi a ido.

Ciwon rigar a bayyane yake. Wuyan ya cinye saboda gumi da goga, bakin aljihun ya yage, biyu daga cikin askakan sun fara zubewa. Ga yadda ta yi. Ta wanke ta da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ba cuɗa ba matsa, ta shanya a inuwa. Sai ta juya bayan rigar ta yi kwanaki tana kallo kawai, tana karanta hannun mai aikin farko: ta ina ya fara, ina ya nufa, tazarar nawa yake bari tsakanin suka da suka. Ta samo guntun tsohon saƙi ta yi wa wuyan da bakin aljihun maho ta ciki, don sabon ɗinkin ya sami abin kamawa. Ta sa aka nemo mata zaren tsamiya a wurin masu ɗinkin riguna a birni. Sannan ta bi hujin allurar farko ɗaya bayan ɗaya, ba ta buɗe sabo ba sai inda ya zama dole. Wata uku ta ɗauka, tsakanin girki da raino. Tambarin baya ya koɗe amma bai zube ba, sai ta ƙyale shi yadda yake.

Na ce mata, "Maman yara, me ya hana ki bi kan tambarin nan ma, ya yi sabo gaba ɗaya?" Ta ce, "Haba Yaya, ai nan ne bayan Baba yake jingina. In na rufe shi me ya rage?"

Shi ma wannan aikin ba zan ce ba shi da aibi ba. Sabon zaren ya fi tsohon haske, mai ido zai gane inda aka taɓa. Ƙullin da ta yi a baya sun fi na mai aikin farko girma, shi nasa ɓoye bakin zaren yake yi a ƙarƙashin ɗinki, ba ka ganin ƙulli ko ɗaya. Sannan bakin aska ta uku ya fito da ɗan dakushi, alhali 'yan uwanta tsini gare su kamar ƙaya. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin kyan aska tsininta.

Amma duba bambancin. Hasken zaren, shekaru za su daidaita shi. Ƙullin da dakushin, duk ranar da aka sami wadda ta fi ta hannu za ta iya warwarewa ta sake, rigar ba ta yi asarar komai ba. Ma'aikatan gidajen tarihi ma ƙa'idar da suke bi ke nan: kada ka yi wa tsohon abu gyaran da na bayanka ba zai iya cirewa ba. Kuskuren rigar Tudun Wada yana da magani. Na zanen Tiga kuwa bakin alƙalami ya bushe. Rigar in kin ɗaga ta, har yanzu ta mai ita ce. An taimake ta ne, ba a ƙwace ta ba.

TO KADA MU YI SABON ABU KE NAN?

Na san wata za ta ce, "Yo kayana ne, gadona ne, in yi yadda na ga dama mana. Ko so ake mu dawwama a jiya?" Gaskiyarki, babu alƙalin da zai kama ki. Ni ma ba maƙiyiyar sabon abu ba ce, ba ni da faɗa da keke ko injin kwamfuta. Su ma suna da wurinsu, a kan sabon yadi. Abin da nake cewa, in basira ce ke cin ki, me ya sa sai a kan gumin wata za ki gwada ta? Sabon yadi bai ƙare a kasuwa ba.

Dubi 'yan uwanmu na birnin Zariya. A da ɗinkin babbar riga sana'ar maza ce. Daga baya matan aure suka karɓe ta a cikin gidajensu suka ƙware. A 1994 aka kafa ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina. Sun ɗauki zanen aska da tambari da dagi sun ɗora a kan rigunan mata da rigunan matashi da jakunkuna, aikinsu ya kai har Amurka. Kin ga sabuntawa ta gaskiya ke nan. Tsohon ya zama malami, ba a mayar da shi abin yanka ba.

Kuma ki daina raina aikin kakarki don layinsa ya karkace. Wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, David Heathcote, ya shafe shekaru yana nazarin ɗinkin Hausawa, har aka baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976. Abin da mu muke kira ƙauyanci, wasu jirgi suke hawa su zo su gani. Wutsiyar kifin nan da ta karkace ita ce shaidar cewa mutum ne ya yi, a zaune a kan tabarma, da fitilar ƙwai a gefensa. Yadin ma kansa abin riƙewa ne, domin masaƙun da suka yi irinsa da yawa sun rufe. Babbar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya tun 2002. In kin lalata wannan, ina za ki samo wani?

KAFIN KI ZARE ALLURA

Ga 'yan shawarwari ga duk wadda ke da irin wannan amana a hannunta.

1. In mai aikin tana raye, je ki tambaye ta kafin komai. Me wannan zanen yake nufi? Yaushe ta yi shi? Wa ya koya mata? Ki ɗauki hoton gaba da baya da wayarki.

2. Ki gyara inda ya lalace kaɗai. Koɗewa ba lalacewa ba ce, furfura ce.

3. Ki nemi zare jinsin na farko, auduga da auduga, ulu da ulu, kauri ɗaya. Ki jiƙa ɗan guntunsa ki danna a farin ƙyalle ki gani ko yana zuba.

4. In za ki warware, ki yi ta baya, da bakin allura da ƙaramin almakashi. Reza ba ta da aboki.

5. Inda yadin ya yi laushi, ki sa masa maho ta ciki da yadin auduga da aka riga aka wanke, don kada ya tsuke daga baya ya ja tsohon.

6. Ban da bilic, ban da gam, ban da shanya a tsakar rana. In za ki rataye shi a bango, ki zaɓi inda rana ba ta bugu.

7. In kin ga aikin ya fi ƙarfin hannunki, ki naɗe shi ki ajiye har a sami mai iyawa. Sauri ya haifi nawa.

'Yan uwa, mu mata tarihinmu ba kasafai yake shiga littafi ba. A jikin faifai yake, da ƙwarya, da zanen gado, da hular da aka ɗinka aka sayar aka yi wa 'ya kayan ɗaki. Duk wadda ta ɗauki allura za ta taɓa irin wannan, to ta san takarda ce take shirin gogewa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki bar wa kakarki shafinta, ke kuma ki sayi yadi huɗu ki buɗe naki. Ki ɗinka abin da idonki ya gani a zamaninki, ko Adaidaita Sahu ce, ko buhun shinkafar Tudun Wada, ko itatuwan dajin Falgore. Wata rana taki jikar za ta buɗe adaka, kuma za ki so ta san darajar abin da ta tarar.

Allah ya sa mu gyara ba mu ɓata ba.